Jan Littafin Baedeker: Taurarin Da Suka Nuna Wa Matafiya Hanya, Suka Nuna Wa Jiragen Yaƙi

Duk wanda ya taɓa shirin tafiya Dubai ko Istanbul, ko ya nemi masauki kusa da Harami lokacin Umra, ya san abin da idonsa ke fara nema a shafin otal: taurari. Biyar ne ko uku? Mun saba da wannan ma'auni har ba ma tambayar asalinsa. Al'adar liƙa wa wuri tauraro don a ce ya cancanci a je a gani ta bazu ne a ƙarni na 19, kuma babu wanda ya yaɗa ta kamar wani mai buga littattafai Bajamushe, Karl Baedeker.

Kafin zamaninsa, tafiyar buɗe ido a Turai harka ce ta 'ya'yan manya, galibi Ingilawa, waɗanda kan shafe watanni ko shekaru a Faransa da Italiya tare da malami da barori. Da yaƙe-yaƙen Napoleon suka ƙare a 1815, sai al'amura suka sauya. Jiragen ruwa masu aiki da tururi suka fara jigila a kogin Rhine, jirgin ƙasa ya fara aiki a Jamus a 1835. Aka sami sabon matafiyi: lauya, likita ko malamin makaranta, mai kwanaki ƙidayayyu da guzuri ƙidayayye, wanda ba shi da bara, ba ya kuma jin harshen inda za shi. Irin wannan baƙo nama ne ga masu masauki da 'yan jagora.

An haifi Baedeker a Essen a 1801, ya buɗe kamfaninsa a Koblenz a 1827. A 1832 ya sayi wani kamfanin ɗab'i, ya gaji littafin wani farfesa mai suna Klein kan tafiya a kogin Rhine daga Mainz zuwa Cologne. Ya sake masa fasali, yana koyi da John Murray na Landan, wanda ya fara fitar da nasa littattafan jagorar a 1836. Jan bango da ƙaramin girman da zai shiga aljihu duk daga Murray ya aro su. Abin da ya ƙara shi ne naci. Da kansa yake tafiya, ba tare da ya bayyana ko shi wane ne ba, ya kwana a masauki, ya rubuta kuɗin ɗaki, kuɗin karusa, da abin da ya dace a ba ɗan dako. Ana ba da labarin cewa an taɓa ganinsa yana hawa benen babbar majami'ar Milan, duk matakala ashirin sai ya ɗauki ƙwayar wake daga wannan aljihu ya jefa a wancan, don kada lissafi ya ɓace masa. Kamfanin ya kuma ƙi karɓar tallar otal-otal, ya riƙa shelar haka a gabatarwar littattafansa. Manufar ita ce a 'yantar da matafiyi daga hannun masu cin guzurinsa, kuma a wannan fanni ya yi nasara. Bayan rasuwarsa a 1859 'ya'yansa suka ci gaba, suka koma Leipzig a 1872, suka riƙa bugawa da Jamusanci da Ingilishi da Faransanci.

Tauraron ya shigo ne a shekarun 1840. Ɗaya na nufin a tsaya a duba, biyu na nufin kada a kuskura a wuce. Ga mai kwana biyu kacal a Florence, wannan taimako ne babba. Amma sannu a hankali matafiyi ya daina tambayar me ke cikin gari, ya koma tambayar me littafi ya ce a gani. Marubucin Ingila E. M. Forster ya yi wa wannan hali shaguɓe a wani ƙagaggen labarinsa na 1908, inda wata budurwa ta tsinci kanta cikin majami'a a Florence ba littafin a hannunta, ta rasa ma wane zane ya kamata ya burge ta. A ganina, babban abin da tauraron ya yi shi ne raba gari da mutanensa. Gini na samun tauraro, zane na samu, tsauni na samu. Mazauna garin kuwa sai a shafukan gargaɗi. An fi ganin haka a littattafan Falasɗinu da Sham da Masar da suka fito a shekarun 1870: dalar Giza da kufan tsoffin birane sun sha yabo da awo na ƙwarai, Larabawan da ke raye a gefensu kuma an fi ambatonsu wajen koya wa baƙo yadda zai kauce wa masu roƙon bakshish.

A daren 28 ga Maris 1942 jiragen yaƙin Birtaniya suka yi wa Lübeck ruwan bama-bamai. An zaɓi garin ne, a wani ɓangare, saboda tsohon birni ne mai cunkoson gidaje da katako, mai saurin kama wuta. Hitler ya ba da umarnin ramuwa, aka auna biranen Ingila masu tarihi waɗanda ba su da kariya sosai: Exeter, Bath, Norwich da York a ƙarshen Afrilu, sannan Canterbury a ƙarshen Mayu. Mutane fiye da 1,600 suka mutu. An ruwaito cewa wani kakakin ma'aikatar harkokin wajen Jamus, Gustav Braun von Stumm, ya faɗa wa 'yan jarida cewa za su rusa duk ginin da Baedeker ya ba taurari uku a Birtaniya. Goebbels ya fusata da wannan magana, domin ta tona cewa da gangan ake auna kayan tarihi. Wani abin ban dariya mai ɗaci shi ne, littafin ba ya wuce taurari biyu. Amma suna ya riga ya bi: har yau hare-haren Baedeker ake kiransu.

Ba za a ɗora wa kamfanin laifin wannan ba. Ba shi ya tura jiragen ba. Haka ma Michelin na Faransa bai nemi sojojin Amurka su sake buga littafinsa na 1939 ba, wanda suka raba wa hafsoshinsu a 1944 saboda taswirorin garuruwan da ke ciki. Bayani sahihi kowa na iya amfani da shi.

Abin da ba shi da uzuri shi ne littafin 1943. A wannan shekara Baedeker ya fitar da jagorar yankin Poland da Jamus ta mamaye, bisa goyon bayan gwamnan mamaya Hans Frank, wanda daga baya aka rataye shi a Nuremberg. Tsarin bai canza ba ko kaɗan: masaukai, gidajen abinci, hanyoyin jirgin ƙasa, taurari a kan fadar Wawel ta Krakow. A tsakanin waɗannan layuka, da murya irin wadda ake faɗin yawan mazauna gari, littafin kan ambaci cewa wuri kaza a da Yahudawa ne suka fi yawa, yanzu babu su. Ina suka tafi, bai ce ba. Lokacin da yake fitowa, an riga an kashe mafi yawan Yahudawan yankin a sansanonin Belzec, Sobibor da Treblinka. Salon da ya koyi kallon gini ya kau da kai daga mutane, a nan ya kai maƙura.

A farkon Disamba 1943 jiragen Birtaniya suka kai hari Leipzig, hedikwatar kamfanin ta ƙone tare da ma'ajiyar takardun da aka tara tun zamanin Karl. Bayan yaƙi, wani daga zuriyarsa, Karl Friedrich Baedeker, ya sake kafa aikin a yammacin Jamus. Littafinsa na farko, a 1949, na jihar Schleswig-Holstein ne, jihar da Lübeck take ciki.