Talakawan Kano da Alƙawarin 'Yan Siyasa: Daga NEPU zuwa PRP

Siyasar talakawa, wato salon da jagora ke raba al'umma gida biyu, masu mulki da waɗanda ake mulka, sannan ya tsaya a ɓangaren na biyu yana magana da yawunsu, tana da dogon tarihi a ƙasar Kano, kuma babu wanda ya fi Malam Aminu Kano fito da ita fili. Tarihin jam'iyyun da ya jagoranta, NEPU daga 1953 da PRP daga 1978, yana bayyana dalilin da ya sa manomi da ɗan tireda da madinki suka riƙa bin mutumin da kowa ya san da wuya ya kafa gwamnati, yana kuma nuna irin alƙawarin da suke gaskatawa da wanda suke ji da kunne kawai.

An kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, a lokacin da Turawa ke mulkin Arewa ta hannun En'e, wato hukumar gargajiya da sarki ke shugabanta, wadda ke riƙe da baitulmali da kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari. Talaka ya san wannan hukuma ne ta fuskar haraji, kuɗin da kowane baligi ke biya a shekara, wanda mai unguwa ke tarawa ya miƙa wa dagaci, dagaci ya kai wa hakimi, kuma sau da yawa abin da ke fita daga aljihun magidanci ya fi abin da aka rubuta a takarda. Makiyayi kuwa jangali ya sani, harajin da ake yanka wa kowane kan saniya, har ta kai idan lokacin ƙirga ya gabato sai a kora wani sashe na garke cikin daji don kada idon malamin jangali ya kai kansa. Ga kuma aikin tilas na gyaran hanya da noman gandun masu sarauta. Saboda haka da NEPU ta fitar da takardar manufofinta da aka sani da Sanarwar Sawaba, tana cewa akwai saɓanin maslaha tsakanin talakawa da masu riƙe da En'e, ba wani sabon karatu ta kawo wa mutanen karkara ba, abin da suke faɗa a ɓoye ne ta faɗa a bainar jama'a. Kalmar sawaba ma, wadda ke nufin sauƙi da kuɓuta daga ƙunci, daga bakinsu aka ɗauko ta.

Da a ce tsammanin cika alƙawari ne kaɗai ke sa a bi jam'iyya, da NEPU ba ta kai labari ba, domin tun zaɓen 1951 aka ga inda aka dosa. An yi zaɓen ne hawa-hawa, kuma duk da rinjayen da 'yan takararta suka samu a matakin farko a birnin Kano, an bai wa En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, sai aka wayi gari babu ɗan NEPU ko ɗaya a majalisar dokokin Arewa da ke Kaduna. A zaɓen tarayya na 1959, wanda Malam Aminu ya ci kujerar Kano ta Gabas, kujeru 8 jam'iyyar ta samu, babbar abokiyar hamayyarta NPC kuwa ta kwashe 134. Zama ɗan NEPU a wancan zamani sayen wahala ne da kuɗin mutum, domin ana ɗaure shi kan laifin taro ba izini ko zagin sarki, ana iya ƙara masa haraji ko a ƙwace masa rumfa a kasuwa, ga kuma farmakin 'yan bangar da ake kira 'Yan Mahaukata. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri da duka tana yaƙin neman ƙuri'ar da ita kanta ba ta da ikon jefawa, tun da matan Arewa ba su fara zaɓe ba sai 1976.

Abin da ya riƙe waɗannan mutane shi ne sun auna mai alƙawarin kafin su auna alƙawarin. Malam Aminu ɗan gidan malamai da alƙalai ne, ya yi karatu har Ingila, kuma hanyar samun babban muƙami a buɗe take gare shi, amma ya ajiye aikin koyarwa a Maru a 1950 ya shiga sahun waɗanda ake kora. Yana kafa hujja da Alƙur'ani da koyarwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a kan adalci, abin da ya hana abokan hamayya su yi nasarar nuna shi a matsayin baƙon ra'ayi. Gidansa na Gwammaja bai bambanta da na maƙwabta ba, ƙofarsa a buɗe take, kuma ko bayan ya riƙe muƙamin kwamishinan tarayya a gwamnatin Janar Gowon mutane ba su ga dukiya ta bayyana a jikinsa ba. A wurin talakan da bai iya karanta takardar manufa ba, wannan rayuwa ita ce shaidar da yake iya dubawa da idonsa, kuma gani ya kori ji. Ya kamata a ƙara da cewa jam'iyyar ta ba talaka wani abu tun kafin ta ci zaɓe, wato ƙarfin halin tsayawa gaban hakimi ya tambayi dalili, wanda a da ko a mafarki ba ya yi.

Ranar gwaji ta zo a 1979, lokacin da PRP mai alamar mabuɗi ta ci kujerar gwamna a Kano da Kaduna, Malam Aminu kuma ya lashe jihar Kano a zaɓen shugaban ƙasa har Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN ya kasa samun kashi 25 cikin ɗari a can. Gwamnonin biyu, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, suna hawa mulki suka soke haraji da jangali. Wannan shi ne alƙawarin da aka yi kusan shekara talatin ana nanatawa, kuma irinsa ne talaka ke gaskatawa, domin yana da suna, yana da lokaci, kuma kowane magidanci zai sani da kansa idan mai unguwa bai zo ƙofar gidansa ba. Gwamnatin Rimi ta kuma kafa hukumar yaƙi da jahilci, ta mai da ranar 1 ga Mayu hutun ma'aikata tun 1980.

Sauran alƙawuran, irin su sabon tsarin zaman jama'a da kawar da danniya baki ɗaya, ba su da ma'aunin da za a gwada su da shi, kuma mulki bai daɗe ba ya raba kan masu yin su. Jam'iyyar ta dare biyu, 'yan Santsi na gwamnonin da 'yan Taɓo da suka tsaya tare da Malam, majalisar Kaduna mai rinjayen NPN ta tsige Balarabe Musa a Yunin 1981, sannan tarzomar 10 ga Yuli ta wannan shekara, wadda ta biyo bayan takardar tuhumar da gwamnatin Rimi ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, ta ci ran Dakta Bala Muhammad, mai bai wa gwamna shawara kan siyasa. A nan ne ya fito ƙarara inda amanar masu zaɓe take. Malam Aminu ya rasu ranar 17 ga Afrilu, 1983, ana saura watanni a yi zaɓe, Rimi kuma ya koma jam'iyyar NPP yana nuna ayyukan da ya yi, waɗanda ko maƙiyansa ba su musanta ba. Duk da haka mutanen Kano suka juya wa gwamnan da ya soke musu haraji baya, suka zaɓi Alhaji Sabo Bakin Zuwo, ɗan takarar PRP daga ɓangaren Malam.