Ɗorin Muƙamuƙi a Ƙasar Gwada, Jiya da Yau

Duk wanda ya san Gwada, garin kasuwar doya da ke kan hanyar Minna zuwa Kuta a ƙaramar hukumar Shiroro, ya san cewa tun kafin dogon jirgin ƙasa da ya taso daga Baro ya ratsa wannan yanki ya isa Kano a 1911, Gwarawa da Hausawan da fatauci ya kawo cikinsu ba su rasa masu yi musu maganin karaya ba. Maɗori ya gaji sana'arsa daga kakanni, yana shafa gaɓa ya gane inda ƙashi ya goce, ya ja ya daidaita, ya jera kara ya ɗaure, ya yi tofi. Wanzami kuwa, wanda askarsa ta saba da fuska wajen tsaga da gyaran gemu, shi ake kira idan jini ya taru a yi ƙaho.

Amma akwai ƙashi guda wanda ya daɗe yana gagarar ma'abota wannan hikima, shi ne muƙamuƙi. Dalili kuwa a bayyane yake: ƙafa ana iya ɗaure ta a hana mai ita tafiya wata guda, alhali muƙamuƙi ba ya hutawa, da shi ake ci, da shi ake magana, kuma ba shi da miƙaƙƙen wurin da kara zai kwanta. Galibi abin da ake yi wa wanda doki ya harba, ko ya faɗo daga itace, ko ya sha naushi a fagen dambe, bai wuce a naɗe masa ƙyalle daga haɓa zuwa tsakar ka, a riƙa ba shi kunu ba. Wasu su warke sarai, wasu su warke da karkataccen baki har ƙarshen rayuwa.

Abin mamaki, maganin wannan mas'ala yana cikin littattafan ɗibbu na Musulmi tun da daɗewa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus wanda ya rasu wajen 1013, ya bayyana a cikin Attasrif cewa haƙora su ne ma'auni: idan na sama da na ƙasa suka haɗu yadda suka saba, ƙashi ya koma mazauninsa, sai a ɗaure waɗanda suka girgiza da zaren zinariya ko azurfa ko alharini. A kan wannan asali likitocin yau suke, ko da yake wayar ƙarfe ce suke ɗaure haƙoran da ita mako huɗu zuwa shida, ko su yi fiɗa su kafa ɗan ƙarfe a jikin ƙashin.

Da mota da babur suka yawaita sai musibar ta sake kama. A 1980 Farfesa Adekeye na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello ya wallafa bincike a kan mutum 1,447 da suka karye a fuska aka kai su Kaduna, mafi yawansu haɗarin hanya ne sanadi. Yanzu kuma, a ƙasar Shiroro, harsashin 'yan bindiga ya ƙaru a kai.

A nan ne ilimin asibiti ya zo da abin da, a ganina, ya fi ɗorin kansa fa'ida, wato sanin abin da ake gabatarwa. Wanda fuskarsa ta farfashe ba karayar ce ke saurin halaka shi ba, jini ne da gutsuren haƙori da harshen da ya koma baya suke toshe masa maƙogwaro. Saboda haka, ya ɗan'uwa mai karatu, idan ƙaddara ta sa ka tarar da irin wannan a hanyar Gwada, kada ka bar shi a rigingine, kada ka ɗura masa ruwa. A tallafe kansa da wuyansa, a juya shi gaba ɗaya ta gefe, a danne inda jini ke zuba da tsabtataccen ƙyalle, a nufi babban asibitin Minna da shi ba tare da jinkiri ba.