Ƙissar Annabi Yusuf tsakanin dandali da majigi

A watan Maris na 1968, ɗaliban makarantar Colet Court da ke Landan suka rera wani gajeren wasan waƙa a kan ƙissar Annabi Yusuf (AS) kamar yadda ta zo a Attaura. Tim Rice ne ya tsara baitocin, Andrew Lloyd Webber ya sa musu kiɗa. Wasan ya yi ta bunƙasa har ya hau manyan dandamali, a 1999 kuma aka mai da shi fim, Donny Osmond ya fito a matsayin Yusuf. Kafin nan, a 1973, Norman Jewison ya ɗauki wani wasan na mutanen nan biyu, Jesus Christ Superstar, zuwa majigi, duk da ƙorafin wasu Kiristoci da Yahudawa.

Tambayar da ta ja ni ga wannan nazari ita ce: me ya sa Bahaushe bai taɓa bin wannan turba ba, alhali ba kayan aiki ya rasa ba? Ya san hanyar dandali zuwa majigi. Umaru Ladan da Dexter Lyndersay sun mai da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976. Turmin Danya na 1990, wanda ake ɗauka a matsayin farkon fim ɗin Hausa na bidiyo, ƙungiyar wasan daɓe ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano. Waƙa kuwa, tun daga Sangaya ta zama gishirin fim ɗin Hausa. Ƙissar ita ma tamu ce: mu mutanen Sakajiki da Ƙauran Namoda da Zurmi muna jin ta daga bakin malamai a tafsirin azumi, ayoyi 111 na Suratu Yusuf.

A ganina, amsar tana ga bambancin murya da fuska. Bahaushe ya yarda a rera yabon Annabi, bai yarda wani ya sa rawani ya ce shi ne annabin ba. Shi ya sa sha'irai irin na Ushaƙu Indiya a Kano suka ari karin waƙoƙin finafinan Indiya suka zuba masa begen Manzon Allah (SAW), amma suka bar rawar da hoton a inda suka gan su. Wannan ra'ayi ba namu ba ne mu kaɗai. Malaman Azhar sun daɗe suna hana kwaikwayon annabawa, kuma Mustapha Akkad ya kammala fim ɗin The Message a 1976 ba tare da nuna fuskar Manzo ko jiyar da muryarsa ba. Ƙaddamar da shari'a a Zamfara a 1999 da kafa hukumar tace finafinai a Kano a 2001 sun ƙara wa wannan shinge ƙarfi ne kawai. Da ma yana nan.

Sai dai abin da aka hana shi ƙofa ya shigo ta taga. A 2008 Farajollah Salahshoor na Iran ya fitar da Annabi Yusuf kashi 45, aka juya shi zuwa Hausa, ya shiga ɗakunanmu ta faifai da wayar hannu. Yaro da yawa a yau, in an ambaci Yusuf, fuskar ɗan wasa Mostafa Zamani ce ke faɗo masa a rai.

Nan ne aikin marubutan Hausa yake. Ƙissar cike take da hassadar 'yan ubanci, da ƙazafi, da kurkuku, da fari, da yafiya bayan samun iko, kuma babu ɗaya da Zamfara ba ta sani ba. Ana iya gina wasa da waƙa a kan waɗannan darussa da mutanenmu na yau, ba tare da an aro wa annabi fuska ba.