Ɗakin Tsohuwa: Daga Aikin Gayya Zuwa Ƙaramar Hukuma

Tunda Allah Ya sake kawo mu ranar da aka kafa ƙungiyarmu, bari mu waiwayi wata magana da ke yawan tasowa a wurin zubi: ina tsofaffinmu za su kwana?

A da can, a ƙasar Daura ba a wannan tambaya. Tsohuwa ɗakinta na cikin gida, yawanci a kurya, jikoki na kwana wurinta. Kafin damina ta faɗi sai samarin unguwa su yi gayya, a kwaɓa ƙasa, a yi yaɓe, a gyara indararo, mata kuma su yi daɓe. Ladansu fura da addu'a. In tsoho ba shi da kowa, mai unguwa ya san da shi, maƙwabta su riƙe shi da zakka da sadaka. Haka abin yake a zamanin En'e, lokacin Sarki Abdurrahman da ya yi sarauta daga 1911 zuwa 1966.

A 1976 aka yi gyaran mulki, ƙananan hukumomi suka maye gurbin En'e. A 1979, muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji da jangali. A 1987 aka ƙirƙiro Jihar Katsina. Yau masarautarmu tana da ƙananan hukumomi biyar: Daura, Zango, Mai'aduwa, Ɓaure da Sandamu. Hukuma ta matso kusa da mu ke nan, amma ita gayya sai ta yi ta ja da baya. Samari sun tafi neman kuɗi, gidajen gado ana raba su ana sayarwa, gini ya koma na bulo da kwano, buhun siminti kuwa kun san kuɗinsa.

Mu da ke zaman kasuwa mun gani da idonmu. Akwai wata baba mai sayar da daddawa kusa da rumfunanmu, ɗakinta ya zube da damina. Aka ce a kai ta gidan gajiyayyu, ta ce wallahi ba ta barin unguwar da aka kawo ta aure. Muka yi karo-karo aka tayar da ɗakin. To, amma adashe nawa zai isa duk masu irin halinta?

Gwamnati ma ta fara motsi. A farkon 2018 Shugaba Muhammadu Buhari, Allah Ya jiƙansa, ya sa hannu a dokar kafa cibiyar kula da tsofaffi ta ƙasa, ta fara aiki a 2021. A watan Yuli na 2024 Kotun Ƙoli ta ce a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Ai kun ga ƙofa ta buɗe.

Abin da tarihin nan ya koya mana shi ne, tsohuwa ba ta neman sabon gida a bayan gari, ɗakinta take so a gyara mata cikin mutanenta. Shawararmu: mu rubuta sunayen masu bukata tare da masu unguwanni, tunda albarkar ajin yaƙi da jahilci yanzu muna riƙe biro da kanmu. Mu ware wani abu daga ribar shekara, mu kai wa kansiloli da ciyaman, mu nemi su sa siminti da kwano a kasafinsu, mu kuma mu ɗauki kuɗin magina. Komai a rubuce, da rasit, a karanta a taro.

Mu tuna, da yawanmu mun haye arba'in, ɗakin da muka gyara yau wataƙila a cikinsa za mu tsufa. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe waɗanda suka rage. Amin.