MADAKI AUWA: Matar sarki, uwar sarakuna biyu

Mai karatu, in aka ce ka ambaci mace ɗaya da ta yi fice a tarihin ƙasar Hausa, na san bakin ka Amina ta Zazzau zai kama. To yau ga wata, a nan Kano: Madaki Auwa, matar Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya gina Gidan Rumfa ya kuma kafa Kasuwar Kurmi.

'Yar wa ce? Za ka ji wasu na cewa 'yar Askiya Muhammadu ce, sarkin Songhai. Tushen zancen shi ne littafin matafiyin nan Leo Africanus da aka buga a Italiya a 1550, inda ya ce Askiya ya ci Kano da yaƙi, ya aura wa sarkin ta 'yar sa, ya kuma ɗora masa biyan kashi ɗaya cikin uku na harajin ƙasar. Amma ɗan yi lissafi. Askiya ya hau mulki a 1493, shi kuwa Abdullahi ɗan Auwa ya zama sarki a 1499, har ya na jan rundunar yaƙi. Ka ga ke nan Auwa ta daɗe a ɗakin ta kafin Askiya ya samu sarauta. Daɗin daɗawa, Tarihin Kano ya nuna ɗan'uwan ta, Guli, a fadar Kano ya ke.

Yanzu ga inda ta nuna ko ita wace ce. Abdullahi (1499-1509) ya yaƙi Katsina, sannan ya juya ya nufi Zazzau. In kai mutumin Riruwai ne ko Doguwa, da ke kan iyakar Kano da Zazzau, ka san tazarar da ke tsakanin ka da birni, balle a zamanin doki. Sarki na can, sai Dagaci, basaraken da gidan su ya samo asali daga Borno, ya shirya tawaye a cikin gari. Wa ya tare fitinar? Tarihin Kano ya ce Auwa ce ita kaɗai, saboda ƙarfin faɗa-a-jin ta. Daga baya Abdullahi ya tuɓe Dagaci, ya naɗa bawan sa.

Jikan ta Muhammadu Kisoki (1509-1565) ma tare da ita ya riƙe gari, da mahaifiyar sa Iya Lamis, da Guli. Sai dai kash, ikon da ya taru a gida ɗaya bai ƙare lafiya ba. Kisoki na rasuwa Guli ya tuɓe sabon sarki Yakufu bayan 'yan watanni, Galadima ya ja daga, aka yi kwana 40 ana gwabzawa har aka kashe Guli. Duk da haka, a 1565 ɗin sarauta ta koma hannun wani ɗan Auwa, Abubakar Kado.

Ka duba fa: uwa ta ceci gadon sarautar ɗan ta, ɗan'uwan ta kuma ya kusa rusa shi. Furodusoshin mu da marubuta, ga labari nan a ƙofar gida, ba sai an leƙa Indiya ba. Roƙo na ɗaya ne: in za ku ɗauka, ku fara buɗe Tarihin Kano kafin ku naɗa mata rawanin Songhai.