Daga Dakon Mutum 25 Zuwa Aljihun Riga: Tarihin Hoto a Kan Duwatsu

A watan Yuli na 1861, wani Bafaranshe mai sana'ar hoto, Auguste-Rosalie Bisson, ya kai ƙololuwar Mont Blanc, mafi tsawo a tsaunukan Alps, da mutum 25 a bayansa. Kaya suka ɗauko masa: kyamarar katako, fallayen gilashi, kwalaben sinadarai da tanti mai duhu. A lokacin babu fim. Sai mai hoto ya shiga tanti ya shafe gilashi da sinadari, ya fito ya ɗauka, ya koma ya wanke tun gilashin bai bushe ba, duka cikin 'yan mintoci. Ruwan wankin ma sai an narkar da ƙanƙara. Sunan Bisson kaɗai ke kan hotunan. Su kuwa masu dakon, sai dai a hango su a wasu hotunan nasa, mitsi-mitsi kamar tururuwa a kan farin buhu, suna ƙetare ramukan ƙanƙara da tsani.

Ke nan tun fil azal hoton dutse aikin gayya ne. Vittorio Sella, ɗan Italiya da har gobe ake jinjina wa a wannan fage, da fallayen gilashi masu santimita 30 da 40 yake aiki, kuma kowane falle sai ya hau dutse a kan wani ko a bayan wani. A 1906 ya bi tawagar basaraken Italiya, Luigi Amedeo na Abruzzi, zuwa tsaunukan Ruwenzori da ke iyakar Uganda da Kwango, inda suka zama na farko da suka taka ƙololuwar Margherita mai tsawon mita 5,109. Mutanen Bakonzo, masu ƙasar, su suka yi dakon cikin laka da ruwan sama da sanyin da ke ratsa ƙashi. Rahotannin tafiyar sun cika da sunayen Turawa. Wanda ke son ganin fuskokin 'yan dakon da suturarsu da girman kayan da suka ɗauka, hotunan Sella zai nema.

Tun kafin wannan tafiya abubuwa sun fara sauƙi a wani gefen. A 1888 George Eastman ya fito da Kodak, ƙaramin akwati mai fim na hoto 100, a kan dala 25. A 1900 aka yi Brownie da ake sayarwa dala ɗaya, a 1912 kuma aka fito da wata mai naɗewa ta shige aljihu. Daga nan hoto ya fita daga hannun masu sana'a. Ma'aikatan masaƙa a arewacin Ingila da ke fita yawon tudu ranar Lahadi suka samu damar ɗaukar junansu suna cin guzuri a gindin dutse, abin da a da sai mai hannu da shuni.

Da kyamara ta yi sauƙi, sai ta zama mai ba da shaida, kuma nan take aka samu mai yi mata ƙarya. A 1906 Ba'amurke Frederick Cook ya ce shi ne farkon wanda ya hau dutsen McKinley na Alaska, wanda asalin sunansa Denali. Ya nuna hoton abokin tafiyarsa, Ed Barrill, tsaye a kan wani tsauni riƙe da tuta. Jama'a suka yarda, gani ya kori ji. A 1909 Barrill ya rantse cewa ba su kai ba. A 1910 Belmore Browne da Herschel Parker suka bi sawu da hoton a hannu, suna gwada shi da kowane tsauni, har suka gano wurin: wani ɗan tudu ne mai nisan kusan kilomita 30 daga ƙololuwar, tsawonsa bai kai mita 2,000 ba, alhali Denali ya haura 6,000. Hoton da aka kafa hujja da shi, shi ya tona asirin.

Rashin hoto ma ya bar nasa gurbin. Ranar 8 ga Yuni 1924 George Mallory da Andrew Irvine suka nufi ƙololuwar Everest, ba su dawo ba. An yi imanin suna ɗauke da ƙaramar Kodak. An tsinci gawar Mallory a 1999, babu kyamara a jikinsa. A 2024 aka tsinci takalmin Irvine da safa mai ɗauke da sunansa. Har yau ana neman kyamarar, don fim ɗin cikinta ne zai iya raba gardamar ko sun kai kafin ajali ya riske su.

Amma hoton da ya fi tsaya mini a rai shi ne na ranar 29 ga Mayu 1953. Edmund Hillary da Tenzing Norgay sun iso saman Everest da ƙarfe sha ɗaya da rabi na safe, suka yi kamar minti 15 a wurin. Hillary ya zaro kyamara daga cikin riga, inda ya ɓoye ta don kada sanyi ya daskarar da ita, ya ɗauki Tenzing ya ɗaga gatarin ƙanƙara mai ɗaure da tutocin Majalisar Ɗinkin Duniya da Birtaniya da Nepal da Indiya. Daga nan ya juya ya ɗauki gangaren dutsen ta kowace fuska, don kada wani ya yi musu. Shi kansa ba shi da hoto a saman. Ya ce a saninsa Tenzing bai taɓa riƙe kyamara ba, kuma nan ba wurin koyarwa ba ne. Tenzing kuwa ya ce ya yi masa tayi, Hillary ya ƙi. Ko ma yaya aka yi, mutumin da ke cikin hoton nan da duniya ta sani ya fara hawan Everest ne a 1935 a matsayin ɗan dako. Bayan shekara 92 da tafiyar Bisson, mai ɗaukar kaya ya cika hoto shi kaɗai, kuma an san sunansa.

Yau kyamara na aljihun kowa. Matasan da ke haɗuwa da sassafen Asabar su hau duwatsun Abuja ko na Shere a Jos, kowa da wayarsa, sukan sauko da hotuna fiye da waɗanda Bisson ya ɗauka a duk hawansa. Wannan alheri ne. Abin da ke damuna shi ne idon kyamara ya juyo. Mutum zai wuni yana tafiya da abokai, wani ya miƙa masa hannu a wurin santsi, wani ya raba ruwansa da shi, ɗan ƙauye ya nuna musu hanya, amma in ka duba wayarsa da yamma fuskarsa ce kaɗai, da sarari a bayanta. Ga kuma hatsari, don an sha rasa rayuka a bakin gangare wajen neman tsayuwar da za ta burge. Duk da haka, wanda ya ɗaga kyamara ya dubi jama'ar da ke gabansa har yanzu yana iya girgiza duniya. Hoton da Nirmal Purja, ɗan Nepal, ya ɗauka ranar 22 ga Mayu 2019, na dogon layin mutane a kan siririyar hanyar ƙololuwar Everest, ya tayar da muhawara kan yawan izinin hawa da ake bayarwa. Mutum 11 suka mutu a dutsen a kakar hawan ta waccan shekara.

Akwai kuma amfanin da mai ɗauka bai san ya yi ba, sai bayan ransa. Lokacin da Sella ke kafa kyamararsa a Ruwenzori, kyawun wurin da rahoton tafiya ne a gabansa. Yanzu masu binciken yanayi kan hau da kwafin hotunansa, su nemo daidai inda ya tsaya, su sake ɗauka, su jera biyun. A 1906 ƙanƙarar da ke lulluɓe da tsaunukan ta haura murabba'in kilomita 6. Zuwa 2003 ba ta kai ɗaya ba, kuma wuraren da tawagar ta taka ƙanƙara, yau tsurar dutse ne masu hawa ke takawa.