Tarihin Ciki Biyu: Ɗaya a Mahaifa, Ɗaya a Waje

Likitoci sun daɗe da sanin cikin da ke zama a wajen mahaifa. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Andalus da ya rasu wajen 1013, ya kawo labarin wata mata a littafinsa At-Tasrif: tayi ya mutu a jikinta, daga baya ƙurji ya fito mata a ciki, ƙasusuwan tayin suka riƙa fita ta bakin ƙurjin. Amma ciki biyu a lokaci guda, ɗaya zaune a mahaifa, ɗayan kuma ya maƙale a bututun da ƙwai ke bi, bayaninsa na farko da aka sani na Duverney ne, masanin sassan jiki a Faransa, a 1708. A gawar matar ya gano shi, bayan bututun ya fashe.

Haka aka ci gaba kusan shekara ɗari biyu, sai mace ta mutu ake sanin abin da ya kashe ta. A 1883 Lawson Tait na Birmingham a Ingila ya buɗe cikin wata mai zubar jini, ya ɗaure jijiyoyin, ya cire bututun da ya fashe, ta kuwa rayu. Daga nan tiyata ta zama magani. Gano cutar kafin fashewa shi ne ya gagara.

Na'urar hoton ciki, wadda Ian Donald na Glasgow ya wallafa aikinsa a kanta a 1958, da gwajin sinadarin ciki a jini, sun sauƙaƙa gano cikin waje idan shi kaɗai ne: jini ya ce akwai ciki, mahaifa kuwa babu komai, sai a nemi tayin a wani wuri. A ciki biyu wannan dabara ba ta aiki. Mahaifa ba fayau take ba, sinadarin yana hawa daidai, kuma likitan da ya ga zuciyar tayi tana bugawa yakan saki jiki, ya ɗauki ciwon mara a matsayin laulayi. Wato lafiyayyen cikin ne ke rufa wa mai haɗarin asiri.

A 1948 likitoci DeVoe da Pratt sun ƙiyasta cewa ciki ɗaya cikin 30,000 ne ke zuwa haka. Haɗa ƙwai a ɗakin gwaji ya rushe wannan lissafi. Tun ma kafin haihuwar Louise Brown, jaririyar farko da aka samu ta wannan hanya, a 1978, cikin farko da masanan da suka fara aikin, Steptoe da Edwards, suka samar a bututu ya zauna. Da asibitoci suka shiga dasa tayi biyu ko uku tashi ɗaya, adadin ya kai kusan ɗaya cikin 100 a tsakanin matan da suka samu ciki ta dashe. Dole ta sa aka koya wa masu ɗaukar hoto su duba bututu da ƙwan mace ko da sun ga tayi a mahaifa.

Magani ma da nasa sharaɗi. Methotrexate, wanda aka fara amfani da shi kan cikin waje a 1982, ba a ba da shi a nan, domin zai halaka na mahaifar ma. Akasari ana cire bututun ne ta ƙananan huji da kyamara, ba tare da an taɓa mahaifa ba. Inda wuƙa ke da haɗari, kamar bakin mahaifa, akan yi wa tayin waje allurar gishirin fotashiyam. Kimanin kashi biyu cikin uku na cikin mahaifar kan kai ga haihuwa, asibitoci da yawa kuma yanzu tayi ɗaya suke dasawa.